Bakancen Sabi'u Mai Agogo

To, ku gyara zama. Kai mai danne-dannen waya, kife ta a cinya, don rabin labarin nan a cikin irin na'urar taka ya faru, kuma idan na kai ƙarshe kai zan fara tambaya. Wanda ya katse ni kuwa, shi zai sayo goron gobe.

A garin Rafin Kanya akwai wani mai gyaran agogo ana ce masa Sabi'u. Allah ya zuba masa son sanin cikin abu. In ka ba shi agogo ka ce batir kawai za a sauya, sai ka dawo ka tarar ya zazzage hanjinsa a kan tire yana kallo, wai yana so ya ga wane haƙori ne ke tura wane. Matarsa Barira har ɓoye rediyonta take yi. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa sannan Barira ta samu ciki. Cikin bai cika ba naƙuda ta zo, ta haifi ɗa namiji bakwaini, ɗan mitsitsi, kukansa ma sai ka kasa kunne.

A gidan haihuwar Hajiya Tasalla aka haife shi. Ita tsohuwar nas ce da ta yi ritaya ta buɗe ɗan wurinta a unguwar Gangare, kuma ita kaɗai ce a garin take da kwalbar da ake sa bakwaini, mai ɗumama jariri da wutar lantarki. Ta sa yaron a ciki, ta dubi Sabi'u ta ce, "Malam Sabi'u, ba zan ɓoye maka ba. Bayan ikon Allah, ran ɗan nan yana tare da wutar nan. In sanyi ya kama shi, ba ni da dabara."

Gangare kuwa kwari ne, duk damina ruwa sai ya shiga gidajen mutane. Shi ya sa Hajiya Tasalla ta yi sabon gini a Kan Tudu, kuma tun kafin haihuwar nan ta buga wa kamfanin da ke ba garin wuta da intanet waya, ta faɗi buƙatarta a numfashi ɗaya: a sa mata mita a sabon gini, a mayar da layin intanet ɗin da likitan birni yake duba jarirai ta cikinsa, sannan a rufe mitan tsohon gida tunda na haya ne. Gadaje da kujeru duk an kwashe an kai tudu. Kwalbar ce kawai ta rage, tana jiran wuta.

Wata safiya saƙo ya shigo wayarta, ta karanta a gaban Sabi'u. Saƙon ya ce, an ba da rahoton gama haɗa wutar sabon gininki, amma mitan bai nuna wuta ta shiga ba, saboda haka an dakatar da yanke wutar tsohon gida, kada ki ɗauke marasa lafiya tukuna. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi! Ashe yau za a yanke?" Sabi'u ya hau babur ya ruga Kan Tudu, ya danna makunni, ya sake dannawa, ko ƙyas.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda mutanen Gangare suke fara ɗora tabarmi a kan katanga da sun gan shi. Kada wani ya ce mini janareta. Janaretan Hajiya ko fanka biyu aka ɗora masa sai ya kama tari. Kada kuma a ce mini babban asibiti, yana ƙetaren gulbi, hanyar ta riga ta yanke tun ruwan baya. Batirin kwalbar iyakarsa ya riƙe ɗumi daga Gangare zuwa tudu. A zauna ruwa ya shigo, a tafi babu wuta. Sabi'u ya tsaya yana kallon ƙirjin ɗansa yana ɗagawa yana sauka ta cikin gilashi, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗaga hannu a gaban Hajiya da Barira ya ce, "Ya Allah, na yi bakance, in yaron nan ya rayu, duk wanda ya zama sanadin wutar da ta raya shi, sunansa zan sa masa."

Iska ta taso, yayyafi ya fara, sai ga wayar maigadin sabon gini yana ihu, "Hajiya, wuta ta zo!" Aka lulluɓe kwalba da leda da barguna, aka ɗora a a-kori-kura, Sabi'u na rungume da ita har tudu. Suna jona ta ruwa ya kece. Washegari da aka leƙa tsohon gidan, laka ta wuce inda soket ɗin kwalbar yake.

Yaro ya rayu, alhamdu lillahi. Sai bakance ya tashi. Da wani ne, da ya tambayi sunan wanda ya hau falwaya ya haɗa wutar ya huta, amma ai Sabi'u ne. Saƙon nan na safe shi ya tsaya masa a rai. Wa ya san mita bai nuna wuta ba? Wa ya riƙe hannun mai yankewa? Ya rufe shago ya nufi ofishin kamfanin, ya faɗi bakancensa, ya ce shi fa sai an buɗe masa bayan agogon nan ya gani.

Shugabar ofishin ta ga dattijo ne mai ladabi, ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Ta ce da can buƙata irin ta Hajiya sai mutum ya yi ta zarya daga ofishin wuta zuwa na waya, wannan bai san abin da wancan yake ciki ba. Yanzu wata manhaja ce take karɓar buƙatar ta yayyanka ta, awo daban, kafa falwaya daban, jan waya, ɗaura mita, kunna intanet, rufe tsohon mita a ƙarshe. Kowane aiki ta tura wa mai shi a wayarsa, kuma ba ta sakin na gaba sai na baya ya danna "an gama". Kamar uwar biki take, wadda ta san ba a tuƙa tuwo sai ruwa ya tafasa. Rufe mita kuwa ba ya buƙatar kowa ya zo da filaya, daga nesa take kashe shi cikin ƙiftawar ido. Sabi'u ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya ce, "To ai ita ce ta ceci ɗana." Matar ta yi dariya ta ce, "Baba, Manhaja za ka raɗa wa yaron? Ita ba ta san ɗanka ba, abin da aka gaya mata take yi. Mutum uku ne hannunsu ke cikin wannan, ga na farko can."

Na farkon shi ne Jazuli, mai amsa wayar masu buƙata. Abokan aikinsa sun gaji da shi, don kowa ya sallami mutum biyar shi yana kan na biyu, yana tambayar abin da ba a aike shi ba. Ranar da Hajiya Tasalla ta bugo, da aka tambaye ta wane irin wuri ne, cewa ta yi, "Gidana ne, ɗan nan." Gaskiya ta faɗa, a nan take kwana, kuma tana jin nauyin ta kira ɗakuna huɗu asibiti. Jazuli ya riga ya zaɓi gidan zama a kwamfuta, hannunsa na kan madanni, sai ya jiyo kukan jarirai a bayan muryarta, ba ɗaya ba. Ya ce, "Hajiya, 'yan biyu aka samu? Allah ya raya." Ta ce, "Wane 'yan biyu, ni da na yi jika? Haihuwa nake karɓa." Ya tambaye ta ko akwai na'urar da ba a so wuta ta ɗauke mata, ta ce akwai kwalba. Ya goge gidan zama ya sa wurin jinya. Da ya bar shi yadda ta faɗa, da manhaja ta ɗauki aikin kamar na kowane gida, ana danna "an gama" ta kashe mitan Gangare da yaro a cikin kwalba. Sabi'u ya kama hannunsa yana godiya. Jazuli ya sosa ƙeya ya ce wallahi shi ya ma manta da wayar, sai yanzu da aka tuna masa. Amma da ya ji zancen suna sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Baba, ni 'ya'yana duk mata ne, ban taɓa yin takwara ba."

Sabi'u ya fito yana cewa a ransa magana ta ƙare. Sai shugabar ta ce, "Tsaya, Baba. Alamar da Jazuli ya sa, ita kaɗai ba ta hana komai. Sai da wani ya koya wa manhajar abin da za ta yi in ta gan ta." Ta buga waya birni, ta miƙa masa, fuskar wani mutum mai tabarau ta bayyana.

Wannan shi ne Yusha'u, na biyu, ɗaya daga cikin masu tsara wa manhajar ƙa'idojinta. Kafin ya koma karatu ya yi shekaru yana hawan falwaya, saboda haka ya san mutanen da ke danna "an gama", ya san gajiya na sa a danna, kunya na sa a danna, kyakkyawar niyya ma na sa a danna. Lokacin da ake shigo da manhajar ya kafe a kan ƙa'ida guda, cewa duk inda aka sa alamar wurin jinya, kada ta yarda da bakin mutum. Ta jira sabon mita da kansa ya ba da shaidar wuta na gudana, in bai ba da ba ta riƙe yankewa, ta gargaɗi mai wurin, ta tayar da ofis. Manyansa suka ce wannan jinkiri ne, zai sa ayyuka su taru, masu gidajen haya su yi ta ƙorafi. Ya ƙi sa hannu a miƙa aikin ba tare da ita ba. Aka yi ta kai ruwa rana, har aka ɗauke shi daga shugabancin sashen aka ba na ƙasa da shi, amma ƙa'idar ta zauna. Da babu ita, alamar Jazuli ado ce kawai. Sabi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san ɗana ka yi wa?" Yusha'u ya cire tabarau ya goge ido ya ce, "Malam, ban san ɗanka ba, lokacin ko cikinsa ba a samu ba. Tun da aka sa ƙa'idar nan ƙorafi kawai nake ji a kanta. Kai ne mutum na farko da ya ce mini ta yi amfani."

Nan kan Sabi'u ya fara ɗaurewa. Ya ce, "To wa ya danna an gama alhali ba a gama ba? Kuma wa ya kawo wutar daga baya?" Shugabar ta ce, "Mutum ɗaya ne. Ƙasimu."

Sabi'u ya same shi a bakin rumbun kayan aiki yana naɗe waya, hannunsa ɗaya ɗaure da bandeji. Ƙasimu bai yi wani kwana-kwana ba. Ya ce ana gobe abin zai faru ya je Kan Tudu da tsaninsa don ya ja waya daga falwaya zuwa sabon gini, shi ne aikin ƙarshe da ya rage. Falwayar kuwa a ƙofar wani gida take, kuma a ranar aka yi rasuwa a gidan, maigidan ne ya cika. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi har gindin falwayar, dattawa na zaune ana karɓar gaisuwa. Yaya zai ce wa masu makoki su ɗaga tabarma, ya hau sama da kawunansu yana ƙwanƙwasa ƙarfe? Ya ajiye tsani ya yi ta'aziyya ya koma gefe ya buɗe wayarsa. Manhaja ta ba shi dalilan jinkiri ya zaɓa, akwai ruwan sama, akwai lalacewar mota, akwai rashin kayan aiki, akwai ba a samu mai wuri ba. Babu zaman makoki a ciki. In ya zaɓi ɗaya daga waɗannan, ta tura wani ma'aikacin da safe, wataƙila baƙo wanda zai zo ya kafa tsani a tsakiyar mutane ya jawo abin kunya. Sai ya ce a ransa bari ya danna an gama, bayan sadakar uku ya dawo ya ƙarasa ba wanda ya ji. Shi iyakar aikinsa yake gani a waya. Bai san dannawar nan ita ce mabuɗin yanke wutar Gangare ba, bai san da kwalba ba.

Da manhaja ta tayar da ofis aka kira shi, yana can wani ƙauye yana aiki. Aka ce masa akwai jariri a kwalba a Gangare yana jiran wutar. Sauran masu hawa duk sun yi nisa, kuma dokar aikinsu ta ba kowa damar ya ƙi hawa in hadari ya haɗu, ba wanda zai ce masa don me. Ya ɗaure tsani a babur ya yi ta gudu. Ya iso iska na ɗaga rumfar makoki, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban babban ɗan mamacin ya ce, "Yaya, ku gafarce ni, na zo da rashin kunya. Akwai rai a Gangare da yake jiran wayar nan." Mutumin ya miƙe ya ce a naɗe tabarmi, shi da kansa ya riƙe masa tsani. Ƙasimu ya hau ana walƙiya, falwaya na rawa, waya ta yanke masa tafin hannu har ƙashi na neman bayyana, bai sauko ba sai da maigadi ya yi ihun wuta ta zo. Mita ya ba da shaida, manhaja ta kunna intanet, ta jira Hajiya ta tabbatar an ɗauke yaro, sannan ta rufe Gangare. Ƙasimu ya dubi ƙasa ya ce, "Malam, kada ka gode mini. Ramin da na haƙa na cike."

Sabi'u ya koma gida ransa a jagule, ya zayyana wa Barira komai. Ta ce, "Wanda ya kusa kashe mini ɗa ba zan yi ta kiran sunansa safe da yamma ba." Ya ce mata ai da bai hau ba, da ruwa ya cimma su. Can ta ce, "Hannun nasa ya warke?" Hajiya Tasalla ita Jazuli take so, ta ce kowa aikinsa ya yi, shi kaɗai ne ya saurari abin da ba a gaya masa ba. Shi kuwa Sabi'u, da yake mai agogo ne, zuciyarsa na karkata ga Yusha'u wanda ya zauna ya hango haƙorin da zai iya zamewa ya sa masa tsaro, har ya rasa kujerarsa a kai. Amma duk lokacin da ya tsayar da ɗaya, sai ya cire shi a lissafi ya ga yaron ya mutu, ya cire na biyu ya ga haka, ya cire na uku ma haka.

Ya je wurin liman ko zai samu sauƙi, ya ce ko a haɗa wa yaron sunayen uku. Liman ya ce, "Sabi'u, ɗa ɗaya Allah ya ba ka, kuma da bakinka ka ce sunansa, ba ka ce sunayensu ba. Bakance ba a yi masa kwaskwarima. Ka zaɓa, ka cika wa Allah alkawari."

Ranar suna da hantsi, tunda yaro bai isa fitowa daga kwalba ba, a ƙofar sabon ginin Hajiya aka shimfiɗa tabarmi. Jazuli ya zo da sabuwar shadda tun kafin a raba goro. Yusha'u ya taso tun daga birni, ya ce yana so ya ga yaron da idonsa ko ta gilashi ne. Ƙasimu ya rakuɓe a can ƙarshen tabarma, kusa da takalma, da ɗan mamacin nan da ya riƙe masa tsani. Ranar ce farkon haɗuwar su ukun a wuri ɗaya. Mahauci ya kayar da rago ya ɗora wuƙa yana jira, mata sun yi tsit a ciki suna sauraron a faɗa su rangaɗa guɗa. Liman ya sunkuyo ya kawo kunnensa daidai bakin Sabi'u ya ce, "Bismillah, wane suna?"

To, a nan na tsaya, ba zan ƙara ko kalma ba. Kai mai waya, ɗago kai, na ce da kai zan fara. Da kai ne Sabi'u, kunnen liman na bakinka, wuƙa na wuyan rago, sunan wa za ka raɗa: Jazuli da ya ji kukan da ba a kira shi ya ji ba, ko Yusha'u da ya tsare ran yaron tun ba a haife shi ba, ko kuwa Ƙasimu da ya jawo haɗarin don girmama mamaci sannan ya sa ransa ya kawar da shi?